Ragar da ke Kallon Yamma

Idan ka ga mutum yana tafiya a gefen titi hannuwansa biyu a ɗan buɗe, kamar mai jiran a jefo masa wani abu daga sama, to Danƙo ne. Shekara ashirin da shida ke nan da ya ajiye safar hannu, amma har yau hannuwan ba su samu labari ba. Ko kofi ne ya zame daga tebur a gidan mutane, kafin ya kai ƙasa Danƙo ya cafe shi, ya ajiye, ya ci gaba da maganarsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tsaron ragar ƙungiyar garin, kuma 'yan kallo ne suka laƙaba masa sunan, wai ƙwallo in ta taɓa tafinsa ta manne ke nan. Sunansa na yanka kuwa ya ɓace. Matarsa ma ta ce sai ta zauna ta yi tunani kafin ya faɗo mata.

Hancinsa ya ɗan karkata hagu. A wani wasan waje ya samo wannan, a filin da ragarsa take kallon faɗuwar rana. Ya ji ƙarar bugu, ya ɗaga kai, bai ga komai ba sai fari fat. Farkawa ya yi a bayan motar ƙungiya ana yi masa fifita da kwali. Ƙwallon ta daki hancin, sannan ta wuce cikin raga, kuma in ka tambaye shi zai ce shigarta ragar ce ta fi ciwo.

Tun da ya daina wasa yake ɗinkin ƙwallo da gyaran raga a ɗakin gaba na gidansu. Ɗakin nasu ne su biyu, domin matarsa tela ce. Kekenta yana gindin taga, shi kuma kujerarsa 'yar tsugunne tana kusa da ƙofa, ga basilla, ga zare mai kaki, ga famfon hura iska, ga buhun tsofaffin ƙwallaye da yake cewa duk za su tashi wata rana. Taga ɗaya ce, ido huɗu ne, kuma duk idanun sun fara tsufa. Kullum da safe sai an yi rabon haske.

"Malam, kanka ya tare mini allura."

"Kaina yana nan inda yake tun jiya. Kekenki ne yake tafiya."

Ana nan sai hukumar gasa ta aiko wa ƙungiyar da takarda. Duk ƙungiyar da ba ta da filin kanta, mai katanga da wurin zaman 'yan kallo da ɗakin sauya kaya, kafin buɗe kakar wasa mai zuwa, za a karɓe lasisinta a ba wata. Su kuwa shekara arba'in suna aron filin wata makaranta, inda ake tsayar da wasa idan awakin maigadi sun shigo. Ba fili, ba ƙungiya. Maganar ke nan a taƙaice.

Gari ya tashi. Aka samu wani fili a bakin babban titi, inda da ake zubar da ɓaraguzan gini. Aka kafa kwamiti, aka ɗauko injiniya, aka zana taswira. Titin daga gabas ya miƙe zuwa yamma, don haka aka kwantar da filin wasan a tsawonsa, domin a samu jerin shaguna goma sha biyu a ƙarƙashin wurin zama, duk suna kallon titi, hayarsu ta riƙa ciyar da ƙungiya. Ciyaman ɗin ƙungiyar, wanda dillalin taya ne mai son a tafa masa, ya miƙe a taro ya ce shago na farko na Danƙo ne, kyauta, ladan shekarun da ya yi yana cin ƙasa saboda garin nan. Aka tafa. Matar Danƙo ta je da tef ɗinta ta auna wurin da shagon zai tsaya, tun yana ciyawa, ta dawo ta yanka labule.

Saura kwana tara a zuba kankaren harsashi Danƙo ya je ganin wurin. Da yamma ya je, bayan la'asar, domin shi a saninsa lokacin ƙwallo ke nan. Ma'aikata sun tashi. An kafa turaku, an ja igiya, an yayyafa farar ƙasa a kan layi. Ƙafafunsa ba su yi shawara da shi ba, suka kai shi inda raga za ta tsaya a gefen gabas. Ya juyo ya fuskanci fili, ya ɗan durƙusa, ya ɗaga kai.

Rana ta mare shi a ido.

Ya daɗe a tsaye. Ya matsa dama, ya matsa hagu, ya sa hannu a goshi ya sauke. Wani tsuntsu ya taso daga yamma, Danƙo ya bi shi da ido, ya ɓace masa tsaf, sai da ya wuce kansa ya sake ganinsa. Hancinsa ya fara yi masa zugi, abin da ya shekara ashirin bai yi ba.

Da safe ya ajiye shayinsa bai sha ba.

"Filin nan an kwantar da shi ba daidai ba," ya ce wa matarsa. "Raga ɗaya tana kallon yamma."

"To ta kalla mana. Ita raga ido gare ta?"

"Gola yana da shi."

Ta tsayar da keken. Shekara talatin da aure sun koya mata muryar da yake yi in ya ɗauko abin da ba zai ajiye ba. "Malam, in an juya filin, shagunan fa?"

"Ban sani ba tukuna."

"Ka sani. Fuskarka ta sani."

Ofishin Ciyaman yana bayan shagon tayoyinsa, ɗaki mai warin roba da fanka mai kuka. An sa taswirar filin a gilashi an rataye a bango, sama da hoton Ciyaman yana riƙe da wani kofi da ba shi ya ci ba. Ya saurari Danƙo yana murmushi, yana juya makullin mota a yatsa.

"Haba Danƙo! Ai ana canza gida bayan hutun rabin lokaci. Mu sha rana, su sha rana. Adalci ke nan."

"Ranka ya daɗe, ranar ƙarfe huɗu daban, ta biyar da kwata daban. Ta farko a ka take, ta biyu a cikin ido take. Duk wanda ya ci jefa kwabo zai bar wa abokin karawarsa ragar gabas a zagaye na biyu. Wasa ya ƙare tun kafin a hura usur. Fili za mu gina wa kwabo."

"Sai mu riƙa cin kwabon."

"In baƙi sun sha kashi sau uku sun rubuta ƙara fa? In golan mutane ya bar nan a kwance? Hukumar da ta ba mu lasisi ba ta manta hanyar garin nan ba. Fitilu ba mu da su, balle mu ce sai dare. Da tsakar rana kuwa ko kai ba za ka zo kallo ba."

Ciyaman ya daina juya makullin, amma na ɗan lokaci kaɗan. "Saura wata biyar, Danƙo. Kwana ɗaya in muka ɓata, ƙungiyar ce za ta tafi gaba ɗaya, da ragar da golan. Je ka ga Injiniya. Shi ya yi karatun."

Injiniya mutum ne mai ladabi, ɗan shekara arba'in, mai tabarau da farar hular kwano wadda ko ƙura ba ta taɓa zama a kanta ba. Ƙarfe bakwai na safe yake zuwa wurin aiki, ƙarfe goma ya wuce wani aikin. Bai taɓa ganin filin da yamma ba, kuma, kamar yadda ya faɗa da bakinsa ba tare da jin kunya ba, bai taɓa zama ya kalli wasan ƙwallo daga farko har ƙarshe ba. Ya ce wa Danƙo, "Baba, na ji, za mu duba," da irin muryar da likita yake sallamar wanda ba shi da ciwo.

Washegari ƙarfe bakwai ya tarar da Danƙo zaune a kan tarin bulo, ƙwallo a cinya.

"Ina kwana, Injiniya. An duba?"

Jibi ma haka. Gata ma haka. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, gaisuwa kawai yake yi, ya tambayi iyali, ya tambaya ko an duba. In Injiniya ya tafi auna rami, Danƙo ya riƙe masa bakin tef. In ya buɗe taswira iska tana kaɗa ta, Danƙo ya danne masa gefe da ƙwallon. A rana ta huɗu Injiniya ya cire tabarau ya murza ido.

"Baba, me zan yi ka bar ni in yi aiki?"

"Ka zo yau ƙarfe biyar. Ka tsaya a raga, a buga maka biyar. In ka taɓa uku, ba kamawa ba, taɓawa kawai, ba za ka sake ganina ba sai ranar buɗe fili."

Mai bugun kuwa Guduma ne, tsohon ɗan gaban ƙungiyar, wanda yanzu direban bas ne. Tare suka yi wasa, kuma tun daga lokacin ba su taɓa gaisawa ba tare da zagin juna ba. Ya iso da tumbinsa a gaba, takalman ƙwallo na aro a hannu.

"Kai mai karkataccen hanci, wa zan kashe?"

"Ba kisa, Guduma. A hankali za ka ɗaga ta, kamar kana miƙa wa jikanka."

"Ni ban iya a hankali ba."

"Na sani. Shi ya sa ka fi cin tsuntsaye a kan raga."

Aka kafa katako biyu a kowane gefe a matsayin raga. Ciyaman ya zo, 'yan kwamiti uku suka biyo shi, leburori suka fasa tafiya gida, suka jeru a kan bulo. Danƙo ya fara kai Injiniya gefen yamma, inda rana take bayansa. Guduma ya ɗaga ƙwallo biyar, Injiniya ya taɓa huɗu, har ya rungume ɗaya a ƙirji. Leburori suka yi ihu. Injiniya ya gyara hular kwanonsa, ya dubi hannuwansa da mamaki, kamar yau aka ba shi su.

"Ashe abin ba wuya," ya ce.

"Ko kaɗan," in ji Danƙo. "Mu je ɗaya gefen."

Ta farko ta wuce ta saman kafaɗarsa yana kallon wani wuri daban. Ta biyu ya yi tsalle dama, ita ta sauka hagu. Ta uku bai motsa ba, ya tambaya ko an buga. Ta huɗu ta sauko daga cikin rana ta daki hular kwano, ƙwal! Hular ta yi nata wuri, tabarau ya rataye a kunne ɗaya, Injiniya ya zauna a ƙasa a hankali kamar wanda aka ce masa bismillah.

"Wannan taɓawa ce," in ji Guduma. "A rubuta masa ɗaya."

Ciyaman yana tsaye a bayan katakon yana dariya har da riƙe ciki, hannunsa ɗaya a goshi yana kare ido. Danƙo ya matso kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, sauke hannun ka gaya mini yatsa nawa Guduma ya ɗaga."

Ciyaman ya sauke. Ya runtse ido, ya buɗe, hawaye ya taru. Guduma kuwa bai ɗaga yatsa ba, takalminsa yake kwancewa.

"Uku," in ji Ciyaman.

Ba wanda ya yi dariya sosai, domin shi ne Ciyaman, amma bulo ya girgiza.

Injiniya ya tashi ya kakkaɓe wando. Mutumin kirki ne, bai nemi hanyar zillewa ba. Ya shimfiɗa taswira a kan murfin motarsa ya ce a littafi ma an fi son fili ya kwanta daga kudu zuwa arewa, shi dai an ce masa shaguna goma sha biyu ake so a bakin titi, ya zana abin da aka ce. Juyawa za ta yiwu, wurin ya isa. Amma abu biyu ne. Na ɗaya, gajeren gefen filin ne zai koma bakin titi, shaguna bakwai kawai za su samu. Na biyu, ƙarshen filin zai faɗa kan tulin ɓaraguzan da ke baya, katafila kuma ta tafi wani aiki sai wata mai zuwa. In ba a kwashe tulin nan an zuba kankare cikin kwana goma ba, ginin ba zai kai ranar da hukuma za ta zo dubawa ba.

'Yan kwamiti suka dubi juna. Kowannensu akwai ɗan'uwa ko suruki da ya riga ya yi wa alkawarin shago. Ɗayansu, mai kantin magani, ya yi gyaran murya.

"Biyar za su tafi ke nan. To wa zai fara haƙura? Ni dai a ganina wanda ya kawo maganar..."

Bai ƙarasa ba. Danƙo ya dubi wurin da ciyawa take kwance, inda matarsa ta durƙusa da tef. Ya san launin labulen, shuɗi ne mai ɗigon fari. Ya san ta riga ta gaya wa ƙanwarta da duk matan layinsu. Ya juyo ya dubi 'yan kwamiti.

"A cire nawa," ya ce. "Saura huɗu. Ku kuma ku daidaita."

A gida bai yi kwana-kwana ba, ya faɗa mata a tsaye. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ninke labulen ta sa a ƙasan akwati. Sannan ta ja kekenta ta kafa shi a tsakiyar taga, ta cinye hasken duka.

"Tunda rana ce ba ka so," ta ce, "na ɗauke maka ita."

Kwana uku ba ta ƙara masa ko kalma a kan haka ba. Abinci yana zuwa a kan lokaci, ruwan wanka da zafinsa, amma kwanon a ɗan ƙarfi ake ajiye shi. Shi ma bai nemi a yafe masa da wuri ba. Ya san abin da ya bayar nata ne rabi, kuma bai tambaye ta ba.

Tulin ɓaraguzan ya fi mutum biyu tsawo: fasasshen bulo, guntayen rodi, tsohon kwano, ƙasa da ta daskare shekara da shekaru. Danƙo ya fara shi kaɗai da diga da baro ɗaya na aro, da sassafe. Kafin hantsi Guduma ya iso da bas ɗinsa, cike da 'yan wasan ƙungiyar da ya kwaso daga wurin atisaye, ya ce wa kocinsu tura baro ma motsa jiki ne. Da yamma magoya baya suka fara zuwa bayan sun tashi daga aiki: masu walda suka yanka rodin, wani mai tifa ya ce zai yi sawu biyu kullum in an cika masa, tsofaffin da ba sa iya ɗaga shebur suka zauna a inuwa suna gaya wa kowa yadda ake riƙe shi. Ciyaman ya zo da sabon shebur, aka ɗauke shi hoto, sannan, abin da ya ba kowa mamaki har da shi kansa, ya zauna ya yi awa biyu yana aiki.

Golan ƙungiyar na yanzu, wani dogo mai 'ya'ya biyu, shi ya fi kowa tura baro. Ya je ya tsaya a tsohuwar ragar gabas da yamma sau ɗaya, ya dawo ya ɗauki baro mafi girma.

A rana ta biyar gadon bayan Danƙo ya riƙe. Ya sunkuya ɗaukar bulo, ya kasa miƙewa, ya tsaya a lanƙwashe kamar mai neman allura a ƙasa. Guduma ya zagaya shi sau biyu yana dubawa.

"Yanzu ka daidaita. Da hanci ne kawai a karkace, yanzu jikin ya bi shi."

"Ka kawo mini kujera, ɗan banza, ka daina surutu."

A kan kujerar ya ƙarasa sauran kwanakin, yana tsinke waya daga guntayen kankare, yana nuna inda za a zuba kaya. A rana ta shida ƙanin matarsa ya iso da baro biyu sababbi daga shagonsa, ya ce Yaya ce ta aiko shi, kuma ta ce a gaya wa Malam aro ne, ba sulhu ba. Danƙo ya karɓa da hannu biyu ya ce a gaya mata ya ji, kuma ya gode da aron.

A rana ta tara da azahar shebur ya taɓa ƙasa ta asali, ja, mai laushi. Injiniya, wanda yanzu yake zuwa safe da yamma, ya kafa na'urarsa ya leƙa, ya sa aka tuge turaku aka sake kafa su, igiya ta miƙe daga kudu zuwa arewa. Aka kwana biyu ana haƙa sabon rami. Motar kankare ta iso da kwana ɗaya a makare, tana juya cikinta, ta ja da baya zuwa bakin ramin.

Mutane suka taru suna kallo. Kankaren farko ya zubo, toka-toka, mai nauyi, ya kwanta a kan rodi. Daga nan babu sauran juyawa, kuma ba a bukatarta. Wasu suka tafa. Danƙo bai tafa ba, yana dafe da ƙugu yana lissafi da yatsu.

"Wata huɗu da kwana goma sha ɗaya," ya ce. "Ga katanga, ga wurin zama, ga ɗakin sauya kaya. Ciyawa ma ba a shuka ba."

"To ka zauna ka huta mana," in ji Guduma. "Naka ya ƙare."

"Wa zai jiƙa kankaren nan safe da yamma? Kai? Kai da ko motarka ba ka wankewa?"

Ya miƙa hannu, Guduma ya ja shi ya tashi, ƙashin bayan ya yi ƙara. Ya tsaya ya saita kansa, sannan ya nufi wurin tankin ruwa yana ɗingishi, yana tambayar leburori wa ya ga inda aka ajiye tiyo.